Laifin Direba Ne

Shafi na 9

Ku da kuka hana wayata sakat tun jiya da tambayar me ya sami Obadiya, ga shi nan, ku karanta ku bar ni in sha ruwa. Wanda kuma yau ya fara leƙo mu, muna Suleja ne, unguwar Magajiya, daminar 1999, a gidan Alhaji Nasiruddeen.

*

Kwana biyu ke nan makullin mota yana aljihun Alhaji Nasiru, mutumin da ko ribas bai iya ba.

Kwana biyu ke nan kuma matarsa, Malama Rahmatu, tana neman inda za ta soka magana yana toshewa.

"Abban Saudatu, maganar kwamfutar nan..."

"Na gama da ita."

"Ai ba ka ji abin da zan ce ba."

"Roƙo za ki yi masa. Na ce na gama."

Ta ja tsaki a cikinta, don na fili ba ya yiwuwa. Haka suka yi daren Juma'a, haka suka yi wunin Asabar, ga shi yau Lahadi har an sallame azahar. Mutum ya kafa kansa kamar turken awaki, shi a dole ya gano mai laifi.

Abin da ya faru ba shi da tsawo. Ranar Juma'a da safe, a hanyarsu ta zuwa ofis a Abuja, Obadiya direba ya faɗa wani rami da mota dab da dutsen Zuma, jakar kwamfutar ofis, irin wadda ake ɗorawa a cinya, ta sulale daga kujera ta bugi ƙasa. Da Alhaji ya buɗe ta a ofis sai ya tarar fuskarta ta koma atamfa, layi kore, layi ruwan hoda, rubutun duk ya kakkarye kamar kaji sun bi ta kai. Ga rahoton da zai gabatar ranar Litinin a ciki. Da yamma ya kai ta shagon Kunle mai gyara a Hashimi. Kunle yana sauri zai tafi suna Minna, ƙafarsa ɗaya a waje, ya leƙa kawai ya ce, "Oga, wannan aikin direba ne. Bari in dawo Lahadi."

Shi ke nan fa. Alhaji bai ƙara tambayar komai ba. Ya dawo gida, a ƙofar gida, gaban masu fitowa daga masallaci, ya karɓe makulli daga hannun mutumin da ya shekara goma sha huɗu yana tuƙa shi. Ya kuma ba shi zuwa yammacin Lahadi ya kwashe iyalinsa daga ɗakunan baya.

Obadiya cewa kawai ya yi, "To, Oga."

Ita kuwa Rahmatu ta san abin da babu wanda ya sani. Kwamfutar nan tun yammacin Alhamis ta haukace, kuma a hannunta ta haukace.

Daga bayan gida ana jiyo ƙarar tukwane. Dokas, matar Obadiya, tana ɗaure kaya. Duk kwanon da ya bugi ɗan'uwansa sai Rahmatu ta ji shi a ƙirjinta. Haushin mijinta take ji, da haushin kwamfutar, amma na kanta ya fi duka, mace mai koyar da 'ya'yan mutane gaskiya a aji, ga ta kwana biyu tana kewaye-kewaye.

Ƙarar babur ta tsaya a ƙofar gida.

"Salamu alekum! Oga yana ciki?"

Kunle ne. Ya shigo da rigar cocinsa, da jakar kayan aiki a kafaɗa, yana share gumi. Ya rusuna ya gaida Alhaji, ya gaida Madam.

"Oga, wa ke tashi a gidan nan? Na ga kaya a waje."

"Wanda ka faɗa min."

"Ni?"

"Kai. Direba. Na sallame shi tun ranar."

Kunle ya tsaya da jaka a hannu, bakinsa a buɗe.

"Ka sallami wa?"

"Obadiya mana. Direbobi nawa gare ni?"

"Yee! Oga! Ni ban ce mutum ba o!"

"Ba ka ce aikin direba ne ba?"

"Na ce, amma direba na ciki! Na cikin kwamfuta!"

Alhaji ya dube shi irin kallon da ake yi wa wanda ya sha wani abu.

"Kunle, ina da rahoto gobe ƙarfe tara. Ba ni da lokacin wasa. Wane direba ne zai shiga cikin wannan 'yar aba?"

Kunle ya dafe kai da hannu biyu. Ya juya ya kalli Rahmatu ko za ta taimake shi da Hausa, ita kuwa ta kafa idonta a kan labule.

"Abeg, Oga, zauna. Bari in nuna maka da ido."

Ya ɗora kwamfutar a tebur ya kunna. Ta yi ɗan gurnaninta, fuskar ta kawo haske, sai ga atamfar nan ta dawo, har da wani sabon layi yana rawa a tsakiya.

"Ka gani ko?" in ji Alhaji. "Ta fashe. Jefa ta ya yi a rami."

"Jira."

Ya kashe. Ya sake kunnawa, wannan karon yana ta dannan wani maɓalli a layin sama, tak tak tak, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar kurma. Wani baƙin shafi ya fito da fararen rubutu. Ya zaɓi ɗaya ya danna.

Suka jira. Ta daɗe tana tunani.

Sai fuskar ta buɗe tas. Babu layi ko ɗaya. Rubutun dai ya yi manya-manya, launin ya dusashe, amma komai ana karanta shi.

Alhaji ya matso har hularsa tana taɓa gilashin.

"Ka gyara?"

"Ban gyara ba. Na shigo ta ƙofar baya ne, inda kwamfuta take tafiya da rarrafe, ba ta kiran direba. Oga, ka duba da kyau. In da faɗuwa ce ta fasa gilashi, ko ta wace ƙofa na shigo zane zai fito. Gilashinka lafiya lau. Rami bai yi mata komai ba."

"To mene ne ya yi mata?"

"Akwai wani ɗan rubutu a cikinta, shi ke gaya wa gilashi yadda zai nuna abu. Sunansa direba. Kowace kwamfuta da nata. Wani ya cire naka ya sa na babbar kwamfuta, irin ta kan tebur. Kamar ka ɗauko direban tirela ka ba shi keke, Oga. Dole ya watsar da mutane."

Daga baya aka jiyo Dokas tana kiran 'yarta, "Rut, kawo igiyar nan."

Rahmatu ta saki numfashin da ta riƙe tun Juma'a. Alhamdulillahi. Obadiya ya fita daga zargi, ita ma ba a kira sunanta ba. Har ta fara shirya yadda za ta ce, to ai sai a mayar masa da makullinsa a wuce wurin.

Allah Sarki, ta yi saurin murna.

Alhaji dai ba ya faɗuwa a magana ya tashi hannu wofi. Kunya ta kama shi, kuma shi in kunya ta kama shi faɗa yake nema.

"Ka ce wani ya cire ya sa. Wane ne wanin?"

"Wannan kuma ban sani ba. Ni dai ba ni faifan da ya zo da ita, in mayar mata da direbanta."

"Duba jakar, duk tarkacenta na ciki."

Kunle ya zuge aljihun gefe. Ya fito da waya, ya fito da ɗan littafi, ya fito da faifai uku ɗaure da roba. Sai ya sake zura hannu, ya fito da na huɗu, shi kaɗai, shuɗi, da 'yar takarda manne a jikinsa an rubuta HAUSA da jan biro.

Rahmatu ta gane shi. Nan ta cusa shi ranar Alhamis, ta manta da shi sam.

"Wannan ba nata ba ne," in ji Kunle. Ya jujjuya shi. "Ah. Na san shi. Rubutun Anti Morenike ne, mai shagon buga takardu na bakin kasuwa."

Ya zura shi a kwamfutar, ya duba, ya kaɗa kai.

"Ga ɓarawon nan. Haruffan Hausa ne a ciki, masu lanƙwasa. Amma ta haɗa da direban kwamfutarta a faifai ɗaya. Wanda ya sa shi, duk abin da aka tambaye shi ya ce eh."

"Ya aka yi faifan Morenike ya shigo jakata?"

Kunle ya sosa ƙeya. Ya yi kamar ba zai faɗa ba, amma bakinsa ba ya riƙe ruwa, shi ya jawo duk wannan tun farko.

"Oga... ranar Alhamis ina shagonta ina gyara mata injin bugawa. Na ga wanda ya zo ya karɓa."

"Wa?"

"Direbanka."

Alhaji ya buga cinya ya miƙe tsaye, fuskarsa har da walwala.

"Direba dai! Kun ji ko? Na ciki, na waje, duk direba ne! Ni za a mayar mahaukaci? A kira min shi!"

Rahmatu ta ji kamar ta kurma ihu. Wace irin kalma ce wannan da ta rantse sai ta ga bayan bawan Allah? An kore ta ta ƙofa ta dawo ta taga.

Ita ta aike shi. Ranar Alhamis da ya sauke Alhaji, ta ce, Baban Rut, don Allah biya shagon Morenike ka karɓo min saƙo. Bai ma san mene ne a cikin ambulan ɗin ba.

Kuma duk a kan me? A kan ƙugiya. Malamar Hausa ce a makarantar 'yan mata, kuma injin makarantar bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. Zangon da ya wuce ta rubuta a takardar jarrabawa, "Baƙin shugabar makaranta suna da yawa," aka bugo "Bakin shugabar makaranta," aji ya kwashe da dariya ana tsakiyar jarrabawa, maganar ta kai har ofis. Tun daga nan sai ta zauna da biro ta bi takarda ɗari biyu da arba'in tana lanƙwasa wa haruffa kai ɗaya bayan ɗaya, har yatsanta ya yi kanta. Da Morenike ta ce mata akwai faifan da ke koya wa kwamfuta haruffan, ji ta yi kamar an ba ta kujerar Makka. Ta jira Alhaji ya tafi ta'aziyya bayan la'asar, ta buɗe kwamfutar da ya yi rantsuwa babu mai taɓa ta a gidan, ta zura faifai, ta yi ta danna eh. Kwamfutar ta mutu ta farfaɗo da atamfa. Ta rufe, ta mayar jaka, ta shiga kicin ta ɗora tuwo.

Obadiya ya yi sallama ya shigo. Dogo ne, furfura ta fara cin gefen kansa, har yanzu farar rigar coci ce a jikinsa, sai dai ƙurar ɗaurin kaya ta ɓata hannuwan. Bai zauna ba. Ya tsaya bakin ƙofa.

"Oga, ga ni."

Alhaji ya ɗaga faifan sama.

"Ka san wannan?"

"Ban san shi ba, Oga."

"Ba ka je shagon Morenike ranar Alhamis ba?"

Idon Obadiya ya je kan faifan, ya je kan kwamfutar, sannan ya zo kan Rahmatu. Bai daɗe ba, ƙiftawa ɗaya ce. Amma ta ga lokacin da ya gane komai. Ya mayar da idonsa ƙasa.

"Na je."

"Ka karɓo?"

"Na karɓo."

"Wa ya aike ka?"

Obadiya ya ci gaba da kallon ƙasa.

"Da kai nake! Wa ya aike ka?"

"Oga, tunda an riga an sallame ni, a bar maganar haka."

"Ka ji ko, Kunle? Ka ji? Shekara goma sha huɗu ina ciyar da..."

"Ni ce."

Rahmatu ba ta san da ƙarfi haka za ta faɗa ba. Har Kunle sai da ya zabura.

Alhaji ya juyo a hankali.

"Ke ce me?"

"Ni na aike shi. Ni na buɗe jakarka. Ni na sa faifan, ni na danna eh ɗin, a hannuna ta lalace tun ranar Alhamis, kana gidan ta'aziyya. Baban Rut ambulan kawai ya kawo min, ko buɗewa bai yi ba."

"Rahmatu."

"Bari in gama, Abban Saudatu, yau kam sai na kai aya. Kwana biyu ina cewa maganar kwamfutar nan, kana cewa ka gama. Na ji tsoro, ban musa ba, kuma na ji kunyar kaina. Da na so, da na tsaya a gabanka ranar Juma'ar na faɗa ko za ka cinye ni. Ban yi ba. Na zauna ina jin matarsa tana ɗaure tukwane. Wannan laifina ne, ni kaɗai. Amma kai ma, mutum ya ce maka kalma ɗaya yana kan hanyar Minna, ba ka ce wane direba ba, ba ka ce ta yaya ba, ka zo ka tozarta dattijo a gaban jama'a?"

"A gaban baƙi kike gaya min wannan?"

"A gaban baƙi ka karɓi makullinsa."

Kunle ya sunkuyar da kai cikin kwamfuta, ya zama mutum mai aiki sosai. Ya cire shuɗin faifan, ya zura ɗaya daga cikin ukun nan, yana danne-danne a hankali don kada a tuna yana wurin.

Alhaji ya cire hula ya mayar. Duk tsawon zamansu Rahmatu ba ta taɓa ganin ya rasa abin faɗa ba sai yau, kuma ba ta ji daɗin ganin ba ko kaɗan.

"Duk a kan me?" ya ce daga ƙarshe, muryarsa ta sauka. "Me kike nema a ciki?"

"Ƙugiyar ƙa da ɗa."

"Ƙugiya."

"Eh."

"Ƙugiya ce ta tayar da gidan mutum guda."



Kwamfutar ta yi ƙara ta mutu, ta sake tashi da kanta. Duk suka juya. Fuskar ta kawo haske, ta yi ɗan fari, sai ga ta tas, launinta ya dawo, rubutu ƙanana masu kyau kamar ranar da aka kawo ta.

"Oga, an gama," in ji Kunle da 'yar murya. "Na mayar mata da direbanta. Rahotonka yana nan, ko waƙafi bai ɓata ba."

Minti goma. Abin da ya ci ke nan. Rahmatu ta kalli agogon bango ta ji hawayen takaici sun cika mata ido. Gyaran minti goma, an kwana biyu ana ɗaure kayan shekara goma sha huɗu.

Ta juya wajen Obadiya.

"Baban Rut, ka yafe min. Na cuce ka, kuma ka rufa min asiri ina kallo."

"Ba komai, Madam."

Yadda ya faɗe ta, ta san akwai komai.

Alhaji ya yi gyaran murya. Ya zura hannu a aljihu, ya daɗe yana lalube kamar aljihun rijiya ne, ya fito da makullin. Ya miƙa, amma idonsa na kan kwamfuta.

"To. An samu rashin fahimta. Karɓi. Ka ce wa Dokas ta kwance kaya. Gobe shida da rabi za mu fita, ka duba mai."

Rahmatu ta runtse ido. Rashin fahimta. Ko "yi haƙuri" guda ɗaya ba zai iya haɗawa da shi ba.

Obadiya ya kalli makullin. Makullin da ya ɗaura wa 'yar fata da hannunsa tun Saudatu tana goye. Bai matso ba.

A waje wata a-kori-kura ta tsaya, ta danna ham sau biyu. Muryar Dokas ta biyo baya.

"Baban Rut! Sebastine ya kawo motar! A fara loda gado ko katifa?"

Hannun Alhaji yana nan a miƙe, makullin yana lilo.

"Karɓi mana, Obadiya."

Obadiya ya mayar da hannuwansa biyu baya ya haɗe su.

"Oga, direban cikin akwatin nan, da ya yi laifi, sai da aka kira mai gyara, aka zauna, aka bincika, aka tambaye shi."

Ya ɗago ido, karo na farko tun shigowarsa, ya dubi Alhaji.

"Ni wa ya tambaye ni?"

Ham ɗin ya sake tashi a ƙofar gida.